Uwar Ɗigo da Tsintsiyar Cikin Tsamiya

Kafin a buɗe ƙofar gandun daji da safe, Uwar Ɗigo ta riga ta shiga ofis. Ofis dai sunansa ofis, amma ɗan ɗaki ne a bayan rumfar sayar da tikiti, mai taga ɗaya da fankar da ta fi iya surutu a kan ba da iska, sai teburin da aka tokare ƙafarsa da guntun katako. Za ta rataye mayafinta a ƙusa, ta ajiye fulas ɗin shayi nesa da wayoyin lantarki, ta goge fuskar kwamfuta da tsumma, sannan ta goge tabaranta da tsumman nan dai, abin da 'yarta ta yi ta hana ta har ta gaji ta zuba mata ido. Sai ta yi bisimilla ta kunna. Taswirar gandun ta bayyana da hanyoyinta da duwatsunta, ga mashayar dabbobi, ga magangarar ruwan da kowa ke rububin gani. Takan kurɓi shayi tana jiran ɗigon farko ya shigo.

Duk baƙon da ya yanki tikiti ana rataya masa wata 'yar na'ura a wuya, girmanta bai wuce gidan ashana ba. Ma'aikata suna ce mata laya. Layar ba ta ɗauke da sunan kowa, kuma haka ake yi wa mutane alkawari a bakin ƙofa. Aikinta kawai ta nuna inda mai ita yake, don in ya ɓata a nemo shi, kuma hukumar gandu ta san wuraren da jama'a ke yawan zuwa da waɗanda ba a leƙawa. Kowace laya ɗigo ɗaya ce a kan taswira. Mai zaman kallon ɗigon nan, ta tace shi, ta mai da shi rahoto, ita ce baiwar Allah da masu gadin daji suka laƙaba wa Uwar Ɗigo, har sunan yanka ya kusa ɓacewa. A wannan watan take ajiye aiki, kuma yabon gwani ya zama dole.

Ba da kwamfuta ta fara ba. A bakin ƙofa ta fara tun tana amarya, tana ƙirga masu shiga da fita. Da aka kawo layu, an zaci za ta koma gefe ta bar wa yara. Ita kuwa sai ta shiga ajin koyon kwamfuta tare da sa'o'in 'yarta, maigidanta tela yana rufe shago da la'asar ya kai ta a babur. Yakan ce mata, "Malama, in kin gama koyon ki duba min a ciki inda almakashina ke shiga kullum." Takan ce, "Wannan ba sai da na'ura ba, yana ƙarƙashin yadin da ka zauna a kai."

Da tafiya ta yi tafiya, ɗigo ya daina zama ɗigo a idonta. In ta ga ɗaya yana tafiya yana tsayawa, ya yi dama ya dawo hagu, ta san mai kallon tsuntsaye ne. In suka shigo da yawa suka watsu lokaci ɗaya, 'yan makaranta ne, kuma malaminsu shi ne ɗigon da ke zagaye kamar ya ɓatar da kuɗi. Biyu kuwa da suka shigo manne da juna, suka fito ɗaya na gaba ɗaya na baya da tazara, takan girgiza kai ta ce, "Allah ya daidaita tsakani."

Dogo, shugaban masu gadin daji, shi ke ba da labarin ban-ɗakin nan yana dariya har da hawaye. Hukuma ta gina ban-ɗaki mai kyau a bakin ƙofa, amma ba mai shiga. Uwar Ɗigo ta kira shi ta nuna masa wata kwana a hanyar magangara, inda ɗigo kan saki layi ɗaya bayan ɗaya, ya ratse bayan dutse, ya ɗan jima, ya dawo da sauri.

"Me kake jin suna kallo a nan, Dogo?"

"Wallahi ba komai a wurin sai ƙaiƙayi."

"To je ka shaƙi iskar wurin ka zo ka ba ni labari."

Ya je, ya dawo yana toshe hanci da hularsa. Yau akwai ban-ɗaki a kwanar.

Haka ta sa aka kafa benci a tsakiyar hawan dutse, daidai inda ta lura ɗigo masu jan ƙafa ke tsayawa su huta a tsaye. Haka ta nuna cewa motoci na cika mashaya a lokacin da barewa da gwanki ke son saukowa shan ruwa, aka sauya lokacin zuwa, dabbobi suka samu sararin sha, baƙi kuma suka fi ganinsu. Direbobin da suka yi ta ƙorafi da farko su ne yanzu ke cewa dama sun daɗe da wannan tunanin.

Ke ce mai ido a ɗakin da ba a gani, Uwar Ɗigo. Dubban mutane sun huta a bencinki ba su san da ke ba, kuma ba ki taɓa fitowa kin ce ni ce ba. Amma ba don benci ko ban-ɗaki aka ɗauki alƙalami a yau ba. Akwai wani ɗigo guda da ya kusa raba ki da barci, kuma labarinsa ne ya kamata jama'a su ji.

A aikin nan akwai abin da ake kira tacewa. Birai ɓarayin laya ne na gaske. Baƙo na ajiye tasa don ya wanke fuska, sai dai ya hango ta a saman reshe. Saboda haka aka kafa ƙa'ida: ɗigon da ya bar hanya ya shige daji ya tsaya wuri ɗaya, aikin biri ne, a goge shi kada ya ɓata lissafi. Uwar Ɗigo ta goge irinsu ba adadi, hankalinta kwance.

Shekaru uku da suka wuce hukuma ta yanke shawarar killace yammacin gandun da shingen waya, a hana kowa shiga, don dabbobi su samu wurin haihuwa ba tare da hayaniya ba. Shawara ce mai kyau, kuma a kan rahotonta aka gina ta, domin ita ta rubuta da hannunta cewa ba baƙon da ke taka yankin. An shirya fara kafa turaku da zarar ƙasa ta bushe. Ana cikin haka, wata rana ana yayyafin ƙarshen damina baƙi ba su zo ba, ta ce bari ta rage zaman banza ta waiwayi abubuwan da ta goge a shekarun baya. A nan ta ga abin da ya sa ta cire tabarau ta sake gogewa. Duk shekara, in ruwa ya ɗauke, akwai ɗigo ɗaya da ke barin hanya daga bayan benci, ya miƙe yamma ɗoɗar ba kwana-kwana, ya tsaya a wuri guda. Wurin bai taɓa canzawa ba. Ta bi sawunsa zuwa ƙarshe, abin da ba ta taɓa yi ba, sai ta ga ya juyo ta inda ya bi, ya hau hanya, ya fita ta ƙofa.

Ta kira Dogo a oba-oba, rediyon hannu na masu gadi.

"Dogo, tun da kake a dajin nan, biri ya taɓa dawo maka da laya bakin ƙofa?"

"Biri? Ya dawo da kayan aro? Ai ko ɗan'uwana ba ya yi."

"To zo ka raka ni wani wuri."

Ita da ta shekara da shekaru tana kallon yankin a allo, ranar ta fara taka shi da ƙafarta. Ciyawa ta kai musu ƙirji, zaninta ya cika da ƙarangiya, Dogo na gaba yana sara da adda yana mita. Suka ɓulla wani fili mai manyan itatuwa. Dogo ya tsuguna ya ɗago fasasshen dutsen niƙa ya ce, "Kufai ne. An ce akwai ƙauyen da aka tasa lokacin da za a yi gandun, tun ba a haife mu ba." A gindin wata tsamiya suka ga duwatsu jere, tsawon kwanciyar mutum. Ciyawar wurin ba ta kai ta kewaye tsayi ba, alamar ana nome ta. Uwar Ɗigo ta ɗaga kai, sai ga tsintsiya da 'yar fartanya a soke a tsakanin rassa, an naɗe su da leda saboda ruwa.

Kabari ne. Dogo ya cire hula. Ita kuwa ta zauna a kan saiwa ta yi kuka sosai. Dogo bai san dalili ba sai daga baya. Mahaifiyarta ta rasu ne a hanyar tafiya tun tana ƙarama, aka binne ta a wani gari da ba wanda ya riƙe sunansa, kuma har yau ba ta san inda take kwance ba. Ga wani ya san inda nasa yake, yana zuwa duk shekara, ita kuma ta sa hannu a takardar da za ta rufe masa hanya.

A gida ta kasa cin abinci. Ta warware wa maigidan halin da take ciki, gaba kura baya sayaki. In ta mai da ɗigon cikin rahoto, ta tona wanda ya karya doka, domin barin hanya laifi ne mai tara da korar dindindin, kuma mai tikiti na iya gane mutumin in aka matsa masa. In ta yi shiru, shinge zai tashi, bawan Allah ya zo baɗi ya tarar da waya.

Tela ya ajiye cokali ya ce, "Malama, ni ba na yanka yadi sai na ga mai rigar. Ki ga mutumin tukuna."

Ta bi shawarar. Ruwa na ɗaukewa ta ƙura wa bayan benci ido. Ranar da ɗigon ya ratse yamma, oba-oba na gabanta, ƙa'ida ta ce in mutum ne ta kira masu gadi. Ta dubi oba-oba, ta ɗauki mayafinta da fulas ta fita. Ta hau dutsen tana haki, ta zauna a bencin da ita ta sa aka kafa. Can ciyawa ta motsa, wani dattijo ya fito, siriri, gemunsa fari fat, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa, laya na lilo a ƙirjinsa. Yana ganin rigar ma'aikata ya tsaya cak.

"Sannu Baba. Zo ka zauna ka sha shayi."

"'Yata, kama ni za a yi?"

"Da kamu ne, Baba, da ba tsohuwa mai ciwon gwiwa za a turo ba."

Ya zauna a ƙarshen benci, ya karɓi kofin shayi. A hankali ya buɗe baki. Mai gyaran keke ne, yanzu ido ya yi rauni ya bar wa 'ya'ya. A kufan aka haife shi. Uwarsu ta rasu yana jariri, yayarsa ce ta goye shi, ta tauna ta ba shi, ita ta hana kowa dukansa. Zazzaɓi ya ɗauke ta ana saura kaɗan a tashi ƙauyen, aka binne ta a gindin tsamiya, aka loda kaya aka tafi aka bar ta.

"Ita kaɗai ce ba ta hau motar ba," in ji shi. "Ina ta waiwaye har itacen ya ɓace. Da na yi ƙarfi na dawo na neme shi. In ciyawa ta rufe ta sai in ji kamar na sake barinta."

Ta tambaye shi ko ya san layar na nuna duk inda ya taka. Ya dube ta, ya dubi abin wuyansa, ya riƙe baki.

"Ashe duk shekarun nan kuna kallona? Ni na ɗauka shaidar biyan kuɗi ce!"

"Muna kallonka, Baba, amma mun ɗauka biri ne."

Dattijo ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Dariyar ta yanke lokacin da ta gaya masa zancen shinge. Ya ce, "To shi ke nan. Hukuma ta fi ƙarfin wasa. Da na sani da na daɗe a wurinta yau." Ya miƙa mata kofin, ya yi godiya, ya gangara. Ta ce ba ta taɓa ganin bayan mutum ya tsufa a gaban idonta kamar na ranar ba.

Washegari ta shiga ofishin manaja ta gyara rahotonta a gabansa, ta ce kuskuren nata ne, ta goge mutum ta ce biri. Manaja mutum ne mai sauraro, amma shi ma da tasa gaskiyar.

"Dabbobin nan suna bukatar wurin, Malama. Kuma doka doka ce. Wane ne mutumin?"

"Ranka ya daɗe, ɗigo ba shi da suna. Haka muke gaya wa kowa a ƙofa. In na kawo maka suna yau, gobe kowa zai cire laya ya jefa a aljihun mota, ranar da wani ya ɓata kuma mu rasa inda za mu nufa."

"To me kike so in yi? In fasa shingen saboda mutum ɗaya?"

"A'a, a yi shinge. Ƙofa nake roƙo, 'yar ƙarama, wadda mutum ɗaya zai wuce, makulli a hannun Dogo. Wanda ke da nasa a kufan ya zo a raka shi. Sannan kada a sa wurin a taswirar da muke ba baƙi. In aka sa, baɗi za ka tarar ana ɗaukar hoto a kan duwatsun."

Manaja ya ajiye biro. Ya ce ba shi da ikon yanke wannan, sai hedikwata, amma zai rubuta da bakinsa ba da nata ba.

Jira ya fi komai wuya. Aka fara kafa turaku, amsa ba ta zo ba. Waya ta fara miƙewa daga kudu tana matsowa, amsa ba ta zo ba. Tela ya ce a watannin nan ko ya yi mata ba'a ba ta ramawa, shi ya sa ya san abin ya kai inda ya kai. Sai da masu aiki suka kusa tsamiya da 'yan turaku kaɗan takarda ta iso: an yarda da ƙofa, an kuma yafe abin da ya wuce. Dogo ya shigo da gudu yana kaɗa ta a sama. Uwar Ɗigo ta yi ajiyar zuciya, ta kifa kai a tebur tana hamdala, har guntun katakon ya goce shayi ya zube.

Sauran damuwa ɗaya. Ba ta tambayi dattijon suna ko unguwa ba, da gangan, don kada a tambaye ta ta rasa yadda za ta yi. Yanzu ga albishir, ba wanda za a kai wa. Wa ya sani ko ya fid da rai ba zai sake zuwa ba? Wa ya sani ko yana raye? Damina ta zo ta wuce tana wannan zulumi. Ruwa ya ɗauke, kwanaki suka yi ta tafiya, bayan benci shiru.

Sai wata safiya ga ɗigo yana hawa dutse a hankali, ya huta a benci, ya ratse yamma. Ashe ya zo ne ya yi sallama ta bayan waya. Ta kira Dogo, Dogo ya yanka ta gajeriyar hanya. A allo ta ga ɗigon ya isa layin shinge ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Sannan ɗigon ya motsa, ya ƙetare layin, ya nufi tsamiya. Mai tikiti ya ce guɗar da ya ji daga ɗan ɗakin nan ta sa ya yar da canjin wani baƙo. Dogo kuma ya ce da ya buɗe ƙofar, dattijon ya kama ƙarfen da hannu biyu ya ce, "Yaya, ashe ba su raba mu ba."

Labari ya bi ta bakin tsofaffi a hankali, ba a jarida ba. Bana mutum biyar suka zo neman makulli, kowa da nasa a kufan, dabbobi kuma na ta haihuwa a bayan shinge ba mai damunsu.

A walimar sallama da aka yi mata makon jiya, an ba ta agogon bango da atamfa, manaja ya yi jawabi, tela ya sha sabuwar riga yana ta gaisawa da mutane kamar shi ke ritaya. Can sai ga dattijon, Dogo ya riƙo hannunsa, ɗauke da wani abu dogo a naɗe da leda. Ya miƙa mata. Sabuwar tsintsiya ce.

"'Yata, Dogo ya gaya min zancen mahaifiyarki. Ban san inda take ba, ke ma ba ki sani ba, Allah ya sani. Amma akwai fili a gefen Yaya, ni kuma bayana ya fara ƙin sunkuyo. Ki zo mu riƙa sharewa tare, ki yi wa taki addu'a a can. Yaya ba ta ƙin baƙo."

Ba a ƙarasa jawaban ranar ba, hawaye ya hana.

Mun gode, Uwar Ɗigo. Ke ce kika koma kan aikin da kika riga kika gama, ba wanda ya sa ki, kika ga kuskurenki kika faɗe shi da bakinki. Kin riƙe amanar wanda ba ki san sunansa ba, ba ki kuma ci amanar dajin da ya ba ki abinci ba. Allah ya ba ki hutu mai albarka, ya jiƙan mahaifiyarki a duk inda take kwance. Ku kuma da ke zaune gaban alluna a asibiti da makaranta da ofisoshi, kuna tace lambobi kuna goge waɗanda ba su bi layi ba, ku yi koyi da ita. Kafin ku goge, ku bi sawun abin zuwa ƙarshe, ku ga ko ya dawo ƙofa.

Shekaranjiya da safe matashiyar da ta gaji kujerar ta kunna kwamfuta, ta ga ɗigo biyu sun bar hanya daga bayan benci sun miƙe yamma, suna tafiya suna hutawa, ɗaya na jiran ɗaya. Dattijon ne da Uwar Ɗigo, karon farko ke nan da ta rataya laya a wuyanta. Matashiyar ta janye hannunta daga maɓalli, ta zuba shayi, ta zauna tana kallonsu har suka isa gindin tsamiya.